Akwati naka, mabuɗi a hannun wani

Ƴan uwa, bari in fara da Innarmu, don ita ta jawo wannan rubutu.

Innarmu ba ta yi lakwal ba. Ta yi allo, tana karanta ajami, amma a boko iyakarta lambobin waya. Bara waccan ƙanena da ke aiki a Yamai ya aiko mata da ɗan akwatin nan da ake jonawa a bayan tele, mai kamo kallo ta intanet. Yamma biyu na zauna ina koya mata. Ba rubutun allon ta koya ba, hanya ta haddace: a kunna, a danna ƙasa sau ɗaya, dama sau biyu, a danna tsakiya, ga tafsirin malaminta. Dama sau uku, ga fina-finan Hausa. Yatsanta ya san hanyar kamar yadda ƙafarta ta san hanyar gidan ƙanwarta ko da kuran ya ɗauke. Kusan shekara guda ba ta nemi taimakon kowa ba, kuma duk wanda ya san dattijai ya san abin da wannan ke nufi a wurinsu.

Wani dare bayan isha'i sai ga kiranta. "Kai, taho ka ga telen ga, yaran nan sun ɓata mani ita." Kafin in iso har an yi wa jikanta faɗa, yaro ɗan shekara tara yana kuka yana rantsuwa bai taɓa telekomand ba. Gaskiya ya faɗa. Ba wanda ya taɓa komai a cikin gidan. Kamfanin da ya ƙera akwatin ne, daga can inda yake, ya sabunta manhajar cikin dare. Rabin allo na sama ya koma tallar wani fim da ke kunna kanta da ƙara, da hotunan da ba za ka so su bayyana a ɗakin uwarka ba. Ƴan hotunan da ta sani an tura su can ƙasa. Ƙasa sau ɗaya, dama sau biyu, yanzu wurin sayen fim da katin banki yake kai ka. Na duba ko'ina in ga ko akwai hanyar komawa tsohon tsari. Babu.

Da na gama yi mata bayani sai ta dube ni ta ce: "To ba saye munka yi ba? Ko aro ne?"

Wallahi na kasa ba ta amsa. Kuma da na bi diddigin maganar sai na tarar tambayar Innarmu ita ce miliyoyin mutane ke yi a Amurka da Turai, masu digiri da katin banki, ba su kuma samu amsar da ta fi tawa ba.

Ku ji abin da kamfanin Roku ya yi a watan Maris na 2024. Roku na cikin manyan masu irin waɗannan akwatuna da teloli a Amurka. Mutane suka kunna telensu sai suka ga sanarwa ta rufe allo: an canja sharuɗɗan warware rikici tsakaninka da kamfani. Ma'anar sharuɗɗan a taƙaice, in kamfani ya cuce ka, hanyar kotu da hanyar haɗa kai da sauran waɗanda aka cuta ku kai ƙara tare an ƙara toshe ta, sai dai zaman sasanci ta hanyar da aka tsara maka. A ƙarƙashin sanarwar maɓallin amincewa ne kawai. Babu na ƙi. In ba ka danna ba, telen da ka saya da guminka ta zama allon banza a jikin bango. Wanda bai yarda ba fa? An ba shi hanya: ya fara dannawa tukuna, sannan ya rubuta wasiƙa ta takarda, ya kai gidan waya, cikin kwana 30, a aika ofishin lauyan kamfani a Kalifoniya. Kamfanin da zai iya shiga ɗakin kwananka cikin daƙiƙa ɗaya ya canja maka allo, shi ne ya ce ba zai ji "a'a" ɗinka ba sai da ambulan da kan sarki. Yarda ta maɓalli, ƙi ta gidan waya. Kwanaki kaɗan bayan haka kamfanin ya sanar cewa ɓarayin intanet sun shiga asusun mutane sama da 15,000, a watan Afrilu kuma ya ƙara sanar da wasu kimanin 576,000. Ku ƙiyasta yadda zukatan mutane suka yi.

Kafin nan, a watan Yuni na 2021, masu akwatin Nvidia Shield sun sha irin tasu. Wannan akwati ne mai tsada, yana kai dalar Amurka 200, kuma da yawa sun saye shi ne takamaimai don allonsa tsaf yake, ba talla. Rana ɗaya Google, mai manhajar da ke cikinsa, ya sabunta shafin farko, manyan hotunan talla suka mamaye sama, har da na tashoshin da mutum bai yi rajista da su ba. Jama'a suka yi dafifi a rumbun manhajojin Google suna ba manhajar tauraro ɗaya, har darajarta ta faɗi warwas. Tallar ta tashi? Tana nan. A ƙarshen 2023 Amazon ya ɗara: kana kunna Fire TV, in ba ka yi saurin danna wani abu ba, bidiyon talla zai cika allon gaba ɗaya. A Janairun 2024 kuma ya zuba talla cikin Prime Video ga mutanen da tuni suke biya, ya ce mai son a cire masa ya ƙaro dalar Amurka 2.99 duk wata. Wato abin da kake da shi jiya an ɗauke, yau ana sayar maka da shi. A Maris na 2025 Roku ya sake gwada wata: wasu masu na'urarsa sun kunna sai tallar fim ɗin Moana 2 ta fara tun kafin shafin farko ya buɗe.

Mutum zai ce, to wane irin ɗan kasuwa ne zai riƙa ɓata wa mai sayen kayansa rai haka? Nan ne muke kuskuren lissafi. Muna ɗauka mu ne masu saye. A wannan kasuwa mu ne hajar.

Akwatin ba shi ne abin sayarwa ba, tarko ne mai araha. Mai kamfanin Roku da kansa, Anthony Wood, ya faɗa a fili cewa ba kuɗin na'ura ke riƙe kamfaninsa ba, talla ce da harkar abubuwan kallo. Kamfanin teloli na Vizio a 2021 ribar da ya samu daga talla da bayanan masu kallo ta zarce wadda ya samu daga sayar da telolin kansu. Shi ne kuma wanda a 2017 hukumomin Amurka suka sa ya biya dala miliyan 2.2 saboda tattara bayanan abin da ake kallo a teloli miliyan 11 ba tare da sanin masu su ba. A 2024 Walmart, babban kamfanin shaguna na Amurka, ya saye Vizio a kan dala biliyan 2.3. Kuna tsammani gilashi da roba ya saya? Idanun da ke zaune gaban gilashin ya saya. Shafin farko na telenka kamar bangon da ke kallon babbar kasuwa ne: duk mai wucewa sai ya gan shi, don haka kowane taku nasa kuɗi ne. Har maɓallan da ke jikin telekomand masu ɗauke da sunayen tashoshi, haya ake ba da su. Akwai tsofaffin telekomand na Roku da har yau ke ɗauke da maɓallin Rdio, wani kamfanin kiɗa da ya rufe tun 2015. Ɗan haya ya mutu, sunansa na nan a ƙofar shago, cikin hannunka.

Ba zan ɓoye ɗaya ɓangaren ba, don na san akwai masu harkar kwamfuta cikinku da za su ce mani: malam, mutane kowane canji ƙorafi suke yi. Gaskiya ne. A 2006 da Facebook ya fito da jerin labaran abokai a shafin farko, ɗalibai dubu ɗaruruwa suka tayar da ƙura, yau kuma ba wanda zai iya tuna Facebook ba shi. Kuma akwai sabuntawar da dole ce: in aka gano ɓaraka da ɓarawo zai bi ya shiga, ba za a jira kowa ya ga dama ba. Kamfani kuma ba zai iya riƙe tsari goma yana gyara kowanne ba har abada. Duk na yarda.

Amma wannan hujja ita ce bargon da ake lulluɓe ɗaya abin da shi. Toshe ɓaraka daban, ɗora talla daban. An ɗaure su a ƙulli ɗaya ne da gangan, don in ka ƙi tallar ka rasa kariyar. Ni ma'aunina mai sauƙi ne: in canjin don amfanina aka yi, me ya sa ake tsoron ba ni maɓallin ƙi? Mai ba ka kyauta ba ya kulle ƙofa sai ka karɓa. Kuma da masu Fire TV suka samo dabarar sa wani shafin farko na daban, marar talla, wanda wasu masu fasaha suka ƙera, Amazon ya riƙa fito da sabuntawar da ke toshe dabarar. Wanda ke gyara maka gida ba ya bin ka yana ƙwace tsintsiya.

Sai maganar sabo. Masu tsara waɗannan alluna matasa ne masu ido garau, masu karatu, masu intanet marar yankewa. A wurinsu matsar da hoto daga hagu zuwa dama ba komai ba ne. A wurin Innarmu rushe hanya ne. Kuma ba ita kaɗai ba. Lokacin da kamfanin lasifikoki na Sonos ya sauya manhajarsa a watan Mayu na 2024, cikin waɗanda suka fi jin jiki akwai makafi, waɗanda suka dogara da muryar da ke karanta musu allo. Sun wayi gari kayan da suka kashe dukiya a kai ba sa sarrafuwa a hannunsu.

Labarin Sonos ɗin ya cancanci a tsaya a kansa, don shi ne inda fushin masu saye ya yi aiki. Sabuwar manhajar ta fito babu abubuwan da mutane ke amfani da su kullum: saita agogon tashi, gyara jerin waƙoƙi, lalubo waƙoƙin da mutum ya ajiye a na'urarsa. Lasifikoki suna ɓacewa daga manhaja, ƙara sauti yana jinkiri. Amsar farko da ta fito daga kamfani ita ce wai sake gina abu daga tushe sai da jarunta. Kai jama'a! Ka ɓata wa mutum kaya sannan ka yabi kanka. Mutane suka ce a maido da tsohuwar, kamfani ya duba ya ce ba ta maiduwa, don an riga an canja abubuwan da take dogara da su. A watan Yuli shugaban kamfanin, Patrick Spence, ya fito ya ba da haƙuri. Aka ce gyaran zai ci dala miliyan 20 zuwa 30. Aka jinkirta fitar da sababbin kaya, aka sallami ma'aikata kusan 100 a watan Agusta. A Janairun 2025 shugaban ya sauka daga kujerarsa.

Me ya bambanta Sonos da Roku? Ba yawan zagi ba ne, an zagi kowa. Sonos da sayar da kaya yake ci. Wanda ya sayi lasifika ɗaya shi ne zai sayi ta biyu, shi ne zai gaya wa abokinsa. Da waɗannan mutane suka rufe aljihu, aka ji a lissafin kamfani. Masu akwatin talla kuwa sun san in ka gama faɗanka za ka zauna ka kalli wasan ƙwallo, tallar kuma za ta wuce ta gaban idonka, an biya su. Tauraro ɗaya ba ya rage musu ko tamma. Fushin da bai taɓa aljihu ko doka ba, sun riga sun sa shi cikin lissafi, kamar yadda mai shago ke sa asarar ƙwan da zai fashe.

Mu ma mun taɓa ganin irin wannan da idonmu. Ku tuna Janairun 2021, da WhatsApp ya aiko wa kowa sanarwa: ka amince da sababbin sharuɗɗa kafin 8 ga Fabrairu ko ka rasa asusunka. A fadodi da guruf-guruf ba maganar da ake sai ita, har waɗanda ba su taɓa jin sunan Telegram da Signal ba suka sauke su. Mutane miliyoyi a duniya suka fara kwashe kayansu. Sai ga wa'adi ya koma 15 ga Mayu, daga baya ma aka janye barazanar rage wa wanda bai amince ba amfani. Ba kuka ya jawo haka ba. An ga ƙofa a buɗe, an ga mutane suna fita ta cikinta.

To mu nan fa, ina muke a wannan lissafi? Matsayinmu ya fi na kowa rauni, kuma kuɗin da muke biya ya fi na kowa ciwo. Ba'amurke da bidiyon talla ya kunna kansa a telensa, daƙiƙa talatin ya rasa. Ni da na sayi forfe na jika biyu na jona wa Innarmu ta wayata, megana tallar ke ci. Ni ke biyan kuɗin dakon tallar kayan da ko a kasuwarmu babu su. Sabuntawar kanta, wadda ban nema ba, da megana aka sauke ta. Ga rezo da ke zuwa yana komawa: shafin da a da yake buɗewa nan take, yanzu sai ya tsaya jiran hotuna masu nauyi su sauka. Ga tsofaffin na'urori, don yawancin abin da ke iso mana ko na hannu ne ko ƙaramin samfuri. Sabon tsari ya yi musu nauyi, sai ka ji ana cewa akwatin ya tsufa, alhali jiya lafiyarsa lau. Kuma wa za ka kai wa kuka? Mai shagon da ya sayar maka, shi ma bai san an yi ba. Yawancin kamfanonin ba su da ko teburi a ƙasarmu. A taswirarsu ta masu saye, ba mu ciki. A taswirar idanun da ake sayarwa, muna ciki.

A Turai sun fara ɗaure wannan akuya. Wata dokar Tarayyar Turai ta 2019, wadda ta fara aiki a Janairun 2022, ta ce mai ba da hidimar dijital ba zai canja ta yadda ya ga dama ba: sai da dalili karɓaɓɓe da ke cikin yarjejeniya, ba tare da ƙarin kuɗi ba, sai an sanar da mai saye a fili, kuma in canjin ya cutar da shi cutarwa ta gaske yana da kwana 30 ya fita ba tare da biyan komai ba. A Jamus ƙungiyoyin kare masu saye sun kai Amazon kotu a kan tallar Prime Video. Ba na cewa an gama gyara duniya a can. Amma akwai takardar da mutum zai ɗaga ya ce an taka ta. Mu muna da ARCEP mai sa ido kan sadarwa, muna da HAPDP mai kare bayanan mutane. Abin da nake so in ji ana tattaunawa, a rediyo da tarukan matasa da wajen masu rubuta doka, shi ne haƙƙin wanda ya sayi na'ura a kan abin da ke cikinta: a raba gyaran tsaro da canjin kasuwanci, kada bidiyo ya kunna kansa sai da izini, kuma duk inda aka sa maɓallin yarda a sa na ƙi kusa da shi, girmansu ɗaya. Wani zai ce ƙasa mai fama da tsaro da tsadar hatsi ina ta ga lokacin telekomand. Na ji. Amma yau tele ce, kuma wannan hannun da ke shiga daga nesa shi ne ke cikin wayar da kake ajiye kuɗinka, shi ne ke cikin fitilar sola da ake biya kaɗan-kaɗan wadda ake iya kashewa daga ofis. Gara mu koyi gardamar tun a kan abin da bai kai rai ba.

Kafin nan, akwai ɗan abin da ke hannunmu. Ku shiga saitin na'urorinku ku nemi inda ake kashe kunna bidiyo da kansa. A Fire TV akwai shi, an dai binne shi can ciki, wasu ma haka. Ku kashe bin diddigin talla inda aka ba da dama. In za ku saya wa tsoho ko yaro, kada ku tsaya a farashi, ku tambayi masu gyara na unguwa wane ne ya fi barin mutum ya jera allonsa yadda yake so, don su ne ke ganin kukan mutane kullum. Kuma in aka yi muku irin ta Innarmu, ku ɗauki hoton allon kafin da bayan, ku gaya wa mai shago cewa ba za ku ƙara sayen wannan samfuri ba, ku gaya wa ƴan fadarku. Mai shigo da kaya daga Dubai ko Chana ba ya karanta taurari, amma yana ƙirga kwalayen da suka kwana a shago.

Ni dai na kashe abin da ke kasuwa, na jawo hotunanta biyu na dawo da su kusa iyakar yadda aka bari. Yanzu hanyar tafsiri ta koma ƙasa sau uku, dama sau ɗaya. Mun sake zama yamma biyu. Yatsanta har yanzu yakan bi tsohuwar hanya, sai ta tsinci kanta gaban wurin katin banki, ta ja tsaki ta koma baya. Jikan nata ta ba shi dala ashirin ta ba shi haƙuri, shi ne ma yanzu mai tsaron telekomand.

Shekaranjiya da zan fito ta kira ni daga bakin ƙofa. "Wai in na koyi wagga, za su sake canja ta?"

Na ce mata ai sai yadda suka ga dama, Inna.

Ta ce: "To ka bar mani rediyona kusa."